Sa hannun shugabanni ya wadatar a ɗebi jinin mutum don bincike?

Auwalu Sakatare: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a madadin ƙungiyarmu ta 'yan dako da direbobin da ke sauke kaya a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wasu masu bincike daga wata jami'a sun kawo takarda, suna so su ɗebi jinin mutanenmu su auna yaɗuwar ciwon hanta. Gwajin kyauta ne, akwai kuma kuɗin mota. Kan shugabanni ya rabu. Wasu sun ce mu sa hannu a madadin kowa tunda alheri ne, wasu sun ce ko ƙofar ofis kada su sake takowa. Masu sani, ku haska mana.

Alhaji Garba Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Auwalu ɗana, ka sallame su cikin girma da arziki, amma ka sallame su. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 ba ya buƙatar dogon bayani. Ana tsakiyar annobar sanƙarau, iyaye na kwasar 'ya'yansu zuwa Asibitin Zana, kamfanin Pfizer ya zo ya gwada sabon maganinsa a kan yaran mutane. Wasu suka rasu, wasu suka kurumce, wasu jikinsu ya shanye. Su ma da fararen riguna suka zo, su ma kyauta suka ce.

Bashir Injiniya: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma in muka bi wannan, har abada ba za a san abin da ke cin mutanenmu ba. Ciwon hanta nau'in B yana zama a jikin mutum shekara da shekaru bai sani ba, sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a haɗa kuɗi a sa shi a mota ya tafi gida ya cika. Duk maganin da ke kantin kemis sai da aka gwada shi a jikin wani kafin ya iso gare mu. Ɗan jini a sirinji daga mutane kaɗan, amfani ga dubbai. Shugabanni su sa hannu a wuce wurin.

Nasiru Akoka: Yaya Bashir, maganarka tsohuwar mazhaba ce a falsafar ɗabi'a. Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila ne jagororinta, a ƙarni na 18 da na 19. Su a wurinsu ana auna aiki ne da abin da ya haifar: wanda ya fi kawo jin daɗi ya rage wahala ga mafi yawan mutane, shi ne daidai. Ba abin rainawa ba ne, domin da irin wannan awon ake tsara rigakafi da rabon kasafin lafiya. Inda take tuntuɓe shi ne ba ta damu da a kan wa wahalar ta sauka ba, muddin jimilla ta yi kyau. Immanuel Kant na Jamus ya tsaya a ɗaya gefen tun 1785. Ya ce mutum mai hankali yana da darajar da ba a yi mata farashi, don haka ba ya halatta ka mayar da shi kayan aiki kawai don cimma burinka, komai kyawun burin. Bai hana ka amfana da mutum ba, ai muna amfana da direba da likita kullum. Abin da ya hana shi ne ka amfana da shi ta hanyar da bai sani ba, bai kuma yarda ba. In shugabanni suka sa hannu a madadin ɗan dako, ɗan dakon ya zama jijiyar da za a huda ke nan, ba mutumin da aka tambaya ba.

Dakta Hauwa: Baba Alhaji, ina so in zauna a kan maganar Kano, domin yadda muke ba da labarin yakan ɓoye ainihin laifin. Yara 200 aka sa a gwajin. Kusan rabi aka ba Trovan, sabon maganin na Pfizer, sauran aka ba ceftriaxone, wanda dama sanannen magani ne. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, domin sanƙarau da kansa yana kisa yana kurumtarwa, ya kuma ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye da dama sun ce sam ba su san gwaji ake yi ba, ba a kuma gaya musu cewa ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da sanannen magani a cikin asibitin nan ba. Takardar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin ɗa'a, wato kwamitin da ke tantance bincike kafin a fara shi, daga baya ta bayyana cewa an rubuta ta ne bayan an gama, aka mayar da kwanan watan baya. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

To ku duba. In da sakamako kaɗai za mu auna, wani zai iya cewa 5 bai kai 6 ba, ina asarar? Ni kuwa na tsaya a kan cewa ko da babu yaro ɗaya da maganin ya taɓa, uwar da ba a gaya mata tana da zaɓi ba an zalunce ta. Ta kawo ɗanta a warkar da shi, aka sa shi a layin gwaji. Haƙƙinta na ta ce a'a aka ɗauke. Wannan ne ciwon, kuma shi ne bai warke ba har yau.

Bashir Injiniya: Dakta, na ji, amma a nan Legas muka ga akasin haka. A watan Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka da Ebola daga Laberiya, aka kwantar da shi a wani asibiti a Obalende. Ya matsa sai ya fita, aka matsa a sake shi, marigayiya Dakta Stella Adadevoh ta ƙi. Ba ta nemi yardarsa ba. Ta danne 'yancin mutum ɗaya don ta tsare gari guda, kuma cutar ta tsaya a kan mutum 20, 8 suka rasu har da ita. Wa zai ce ta yi laifi?

Dakta Hauwa: Babu, kuma Allah ne kaɗai ya san abin da ta kare mu daga gare shi. Sai dai abu biyu ne daban. Ita ta hana mutum ya kai wa wasu cuta ne. Ɗan dakon Mile 12 da ya ƙi ba da jini ba ya sa kowa cikin haɗari, ya ƙi ba da kyauta ne kawai. Mill ɗin da Nasiru ya ambata shi da kansa ya ce ba a tauye mutum sai don hana shi cutar da wani. Kuma ko a cikin wannan annobar, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna a watan Agustan 2014 ta ce ana iya ba da magungunan da ba a gama gwadawa ba, sai da ta gindaya sharaɗin yardar majinyaci bayan an yi masa bayani.

Malam Ilyasu: Jama'a, Allah ya saka da alheri. Malamanmu sun daɗe da tattauna wannan a babin maslaha. Shari'a ta zo ne don kare addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya, kamar yadda Imam Ghazali ya tsara, Imam Shaɗibi ya faɗaɗa. Neman magani yana ƙarƙashin kare rai, don haka wanda ya ce bincike haramun ne ya faɗi abin da bai sani ba. Amma Ghazali ya kawo misalin mutanen da jirgin ruwa zai nutse da su, sai in an jefa ɗaya daga cikinsu a ruwa. Ya ce bai halatta ba, ko da ƙuri'a. Yawan waɗanda za su tsira bai ba su ikon ran ɗan'uwansu ba. Allah ya ce ya girmama 'yan Adam, a Suratul Isra'i aya ta 70, bai ware mai boko daga ɗan dako ba. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. In ciniki bai inganta sai da yardar juna da sanin abin da ake saye, ina ga jikin mutum? Shugaba yana da ikon buɗe ƙofar kasuwa. Ba shi da walicci a kan jinin baligi mai hankali.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Allah ya gafarta Malam, ko an ce kowa ya sa hannu da kansa, ba a gama ba. Na raka wata maƙwabciyata wani asibiti, ga goyo a bayanta. Aka miƙo takarda shafi da yawa da Turanci. Ma'aikaciyar tana magana da Turancin buroka tana haɗawa da Yarbanci, aka kira wani yaro mai sayar da ruwa ya yi tafinta. Duk shafukan nan ya dunƙule su a jimla ɗaya: wai za su duba lafiyarki kyauta. Ma'aikaciyar ta kama babban yatsanta ta danna a tawada ta dangwala a takarda, ta miƙo mata auduga ta goge. Da muka fito na tambaye ta me ta amince da shi, ta ce ai likita ya fi ta sani. A takarda ta yarda. A gaskiya ba a tambaye ta komai ba.

Dakta Hauwa: Hajiya, kin taɓo inda ya fi damuna. Mutanenmu suna ɗauka duk abin da mai farar riga ya yi, don lafiyarsu ya yi. Alhali likita mai duba ka burinsa kai ne, mai bincike kuma burinsa amsar tambaya ce, ko da mutum ɗaya ne yake sanye da rigunan biyu. Dole a faɗi wannan baki da baki. Ga kuma kunya. Bahaushe zai yi wuya ya dubi babba ko baƙo ya ce ba zan yi ba, musamman in shugabansa na zaune a gefe. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce bayan an gama bayani da Hausa, a ce wa mutum ya maimaita da bakinsa: me za a yi masa, me zai iya samunsa, me zai faru in ya ƙi. In bai iya ba, ba a fahimtar da shi ba, a sake. Wanda ba ya karatu a kawo shaidan da ba ya cikin masu binciken. Kuma a tambaye shi shi kaɗai a ɗaki.

Nasiru Akoka: Waɗannan ƙa'idojin duk bayan ɓarna aka rubuta su. Dokar Nurembag ta 1947 ta fito ne daga shari'ar likitocin Nazi, kuma sharaɗinta na farko shi ne yardar mutum ba tare da tilas ba. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964. Duk da haka a Tuskegee ta Amurka, daga 1932 har 1972, hukumar lafiyar gwamnati ta bi baƙaƙen fata 600, 399 a cikinsu masu ciwon tunjere, tana kallon yadda cutar ke cin su. An samu fenisilin, maganin da ke warkar da cutar, tun shekarun 1940, aka hana su. Da abinci kyauta da kuɗin jana'iza aka riƙe su. Bayan tonuwar asirin ne aka rubuta Rahoton Belmont a 1979, mai ginshiƙai uku: girmama mutum, kyautatawa, da adalci. Na ukun ne nake so Auwalu ya tambaya. Me ya sa 'yan dako? In don ciwon ya fi yawa a cikinsu ne kuma su za su amfana, madalla. In don sun fi sauƙin tarawa ne kuma ba sa tambaya, da sake.

Shu'aibu Direba: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da magana. Na ji ana ta cewa kuɗin motar nan tarko ne. Ku tsaya. Mai binciken albashi yake ɗauka, mai ɗiban jinin ana biyansa, har mai share ɗakin. Ni da zan bar layin lodi in yi asarar wuni, ni ne za a ce kada a ba ni komai don a kare ni? Mu ba yara ba ne. Mun san abin da ya fi mana.

Dakta Hauwa: Malam Shu'aibu, gaskiyarka, kuma masana da yawa suna tare da kai. Hana talaka haƙƙin lokacinsa shi ma ci da gumi ne. A biya ka kuɗin mota da na wunin da ka rasa. Abin tsoro shi ne kuɗin da ya kai yawan da zai sa mutum ya rufe ido ga haɗarin da da ba zai karɓa ba, ko ya ɓoye wani ciwo don kada a cire shi. A ɗiban jini haɗarin jiki kaɗan ne. Babban haɗarin yana wurin sakamako. In ya nuna kana da ciwon hanta, wa zai ji? Mai motarka? Gidan da kake neman aure? Sannan in an gaya maka, sai me? Nau'in B ba a cika rabuwa da shi ba in ya zauna, ana dai danne shi da magani irin tenofovir ga wanda ya buƙata, ana bibiyar hantar. In za su ce kana da shi su tattara kayansu su tafi, sun bar ka da tashin hankali. A tambaye su asibitin da za su tura masu shi, da ko za su yi wa marasa shi allurar rigakafi, domin akwai ta.

Auwalu Sakatare: Dakta, ta yaya za mu gane na gaskiya ne?

Dakta Hauwa: Ka ce su nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, mai lamba da kwanan wata, ka kuma tuntuɓi kwamitin da kanka. Nijeriya tana da kwamiti na ƙasa, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa tun 2007, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutacciyar yardar mutum bayan an sanar da shi manufar binciken da illarsa. Manyan cibiyoyi irin su cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba da asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba suna da nasu kwamitocin. Ka tambayi inda ragowar jinin zai tafi, domin fitar da shi waje sai da yarjejeniya a rubuce. Bayanan lafiya kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa su cikin masu tsananin sirri.

Bashir Injiniya: Ban janye ba fa. In kowane bincike sai an bi wannan dogon layi, masu kuɗi za su kai aikinsu wani wuri, mu a bar mu ba a san ciwonmu ba. Rashin bincike shi ma yana kisa, sai dai ba a ganin gawar a jarida.

Nasiru Akoka: Wannan gaskiya ne, Yaya, kuma ba a cika faɗarta ba. Amma ko da ma'auninka, ka sa amana a cikin lissafin. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004. Dalilan suna da yawa, amma labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gaggawar makonni kaɗan a gwajin Trovan ta jawo asarar shekaru, kuma yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba ne suka biya.

Malam Ilyasu: Akwai abin da takarda ba ta kamawa, shi ne halin mai aikin. Mai binciken da ba shi da amana zai cika kowace ƙa'ida a rubuce ya kuma cuce ka.

Nasiru Akoka: Allah ya gafarta Malam, ita ce mazhabar Aristo na Girka, wadda ke tambayar wane irin mutum ne kai kafin ta tambayi me ka aikata. Mu ma da ita muka tashi: gaskiya, amana, sanin mutuncin mutane. Sai dai ɗan dako ba shi da hanyar leƙa zuciyar baƙon da ya gani yau. Shi ya sa ba ta isa ita kaɗai ba.

Hajiya Rabi Idi-Araba: In binciken zai haɗa da matan gida, a sani. A sanar da maigida don zaman lafiya, ban ƙi ba. Amma ya ce eh a madadinta, wannan a'a. Kuma sakamakonta a hannunta za a ba ta, ita za ta zaɓi yadda za ta faɗa.

Malam Ilyasu: Haka ne, Hajiya. Izinin fita daban, mallakar jiki daban.

Alhaji Garba Mai Albasa: Na karanta duka. Na yarda ba kowane mai bincike ne macuci ba. Amma ni nawa jinin ba za a ɗiba ba, kuma zan faɗa a taron ƙungiya kowa ya ji.

Dakta Hauwa: Baba, ƙin naka haƙƙinka ne, ba wanda ya isa ya tambaye ka dalili. Roƙona ɗaya. Yaran da ke sauke maka albasa a ƙarƙashinka suke ci. In ka miƙe a taro ka ce ba ka yi, babu ɗayansu da zai iya shiga ɗakin nan ko yana so. Yadda eh ɗin shugaba ke tilasta mutum, haka a'arsa take yi. Wataƙila a cikinsu akwai wanda mahaifinsa ya rasu da kumburin ciki, yana son ya san matsayinsa.

Alhaji Garba Mai Albasa: 'Yata, kin ɗaure ni da jijiyata. Ba zan yi magana a taro ba. Amma yaron da ya same ni ya tambaye ni, ba zan ɓoye masa labarin Kano ba.

Dakta Hauwa: Kada ka ɓoye, Baba. Ka faɗa masa duka, har da cewa yanzu yana da ikon ya nemi a karanta masa takardar da Hausa, ya tafi da kwafi gida ya kwana a kai, kuma ko ya fara yana iya fasawa ba tare da ya rasa komai ba.